Jan sabulu: su kewa suke saye, mu wanki muke yi

Ran Asabar a kasuwar Bury, nan kusa da Manchester inda nake zaune, na ga wata tsohuwar Baturiya ta ɗauki jan sabulu ta kai hanci, ta lumshe ido. Na ce, "Mama, lafiya?" Ta ce shi ake ajiye musu a bakin famfon makaranta suna yara, kuma da shi kakarta ke dirje dokin ƙofa. Guda uku ta saya. Ba wanki za ta yi ba, cikin durowar kaya za ta jefa su don ta riƙa jin warin.

Sabulun kabolik ke nan, mai warin asibiti. Warin na sinadarin fenol ne, wanda ake samu daga kwaltar kwal. Tun da likita Joseph Lister ya nuna a Glasgow a 1867 cewa sinadarin na hana rauni ruɓewa, Turawa suka ɗauki wannan wari a matsayin shaidar tsabta. Kamfanin Lever Brothers ya ga kasuwa, ya fito da Lifebuoy a shekarun 1890. Lifebuoy na yau sunan ne kawai ya rage, fenol ya daɗe da fita daga cikinsa.

Ni ma na shinshina, sai ga ni a tsakar gidanmu a Zariya ranar da aka wanke makewayi da Izal. Hanci ba ya mantuwa.

Amma fa kewarmu da tasu ba ɗaya ba ce. Su sun rabu da sabulun sanda, shi ya sa ya zame musu abin tarihi. A kicin ɗina yanzu akwai robar wanke kwanoni, ta goge ƙasa, ta murhu, ta tagogi, kowacce da kuɗinta. Inna kuwa sandar Canoe ɗaya take saye, ta sa wuƙa ta yanka gida huɗu: na wanki, na wanke-wanke, na yara, ɗaya kuma a ɗora kan katanga ya bushe don kada ya yi saurin narkewa. In ya sirance ba a yarwa, a cusa gutsattsarin cikin soso. Wanka kuma akwai sabulun salo. Ƙazuwa ta kama yaro, a nemo Tetmosol.

A ganina tsarin Inna ya fi, kuma ba don son gida nake faɗa ba. Kwalar riga da ta yi baƙi, babu ruwan roba da ya kai a goga mata sanda a cuɗa da hannu. Inda ban bi Turawa ba shi ne ɗaukar wari a matsayin shaidar tsabta. Zafin wari ba shi ke kashe ƙwayar cuta ba, kumfa da cuɗawa da ɗauraya su ne aikin, kuma fenol in ya yi yawa ƙona fata yake.

Duk da haka na sayi ɗaya. Matata ta ce ba a banɗakinta ba, don haka yana can baranda, ina wanke takalman ƙwallon yara da shi.