Shin Mata Ne Ke Mulki a Minangkabau?

Ana yawan cewa a ƙabilar Minangkabau ta yammacin tsibirin Sumatra, a Indonesiya, mata ne ke mulki, maza kuwa 'yan kallo. Ba haka zancen yake ba. Gaskiya ne dangin uwa ake bi. Gonakin shinkafa da babban gidan zuri'a daga uwa suke komawa hannun 'yarta, kuma miji ne ke tarewa gidan matarsa. Idan aure ya mutu, shi ke tattara kayansa, ita tana ɗakinta, wanda a ganina ba ƙaramin gata ba ne.

Amma shugaban zuri'a namiji ne. Kawu ke tsayawa kan auren 'ya'yan 'yar'uwarsa da rikicin gona. Mutanen Minangkabau Musulmi ne kuwa, kuma dukiyar da mutum ya tara da guminsa galibi bisa shari'a ake raba ta.