Ranar da Na Bar Kawu a Jingina

A watan Fabrairun 2023 Kawu ya zo Kano daga ƙauyenmu da ke wajen Dambatta don a sake duba idonsa a asibitin ECWA, inda aka cire masa yana. Likita ya ce aiki ya yi kyau, yanzu ko allura ta faɗi zai tsinta. Ni kuwa a makon nan na yi ciniki mai kauri a Kantin Kwari, kuɗi sun faɗo asusu, kai ya ɗau zafi. Na ce wannan bawan Allah da ya sayar da gyaɗarsa ya biya mini kuɗin WAEC, yau sai ya ci abincin manya.

Duk wanda ya zauna a Najeriya a lokacin bai manta ba. Babban Banki, zamanin Emefiele, ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Aka ce tsofaffin sun daina ci ranar 31 ga Janairu, aka ƙara wa'adi zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuma sai dai ka gan su a talabijin. Mutane na kwana a layin ATM, masu POS na sayar da naira da naira. Ni duk wannan bai dame ni ba. Ina da kati, ina da manhajar banki a waya, mutum ne ni na zamani.

Bayan magariba na zuba shadda, Kawu ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, muka nufi wani gidan abinci a Nasarawa GRA, irin wanda maigadi ke sara maka tun kafin ka kashe mota. Wani ya buɗe mana ƙofa. Kawu ya ga kafet ya sunkuya zai tuɓe takalmi, na riƙe masa hannu. Ciki sanyi ƙarara ga hunturu bai gama tafiya ba, fitilu kuma duk an rage musu haske. Kawu ya tsaya ya dubi sama.

"Ɗan nan, NEPA ce ta rage ƙarfi?"

"A'a Kawu, haka ake yi, gayu ne."

"Kuɗi na kashe aka buɗe mini ido, ka kawo ni cikin duhu."

Wata yarinya a bakin ƙofa ta tambaya ko mun kama tebur tun da wuri. Na ce a'a. Ta ɗan ɓata fuska, ta duƙufa kan kwamfutarta tana bincike. Na leƙa ta bayanta, teburan da ke da mutane ba su fi uku ba, sauran duk wayam. Sai da ta gama bincikenta tsaf, sannan ta yi murmushi ta ce mun taki sa'a.

Yaron da aka ba mu dogo ne, farar riga, baƙin wando, Turanci ta hanci. Ya ja wa Kawu kujera, Kawu ya damƙe ta da hannu biyu, a zatonsa ɗauke ta za a yi. Aka kawo takardar jerin abinci. To, Kawu bai yi boko ba, amma mutumin da ya shekara arba'in yana cin kasuwar Dambatta ba a koya masa lamba. Ya kawo takardar kusa da sabon idonsa, ya ɗora yatsa kan 18,000.

"Wannan na mutum nawa ne?"

Na yi kamar ban ji ba. Yaron ya tambaye ni irin ruwan da za mu sha, ya ambaci iri biyu, na zaɓi na biyun don na ji sunan ya fi tsada. Kawu ya yi bismilla ya kurɓa, ya rufe ido ɗaya, ya haɗiye da ƙyar, ya ce a gaya musu an zuba wa ruwansu kanwa. Gas ne a ciki. Kwalbar naira 2,000, an kuma riga an buɗe guda biyu.

Daga nan sai jira. Abin da na lura da shi a irin waɗannan wurare shi ne girmamawar tana zuwa da wuri, abincin ne ba ya zuwa. A wurin mai shinkafa da wake ta bayan shagonmu, za ta harare ka, ta ce ka matsa ka tsaye mata a kai, amma kafin ka gama jin haushi kwano na gabanka yana tururi. A nan kuwa duk bayan ɗan lokaci yaron zai zo ya rusuna, ya gyara cokalin da ba wanda ya taɓa, ya tambaya ko komai lafiya. A zuwansa na wajen huɗu Kawu ya ce, "Gaya masa lafiya ƙalau, yunwa ce kawai."

Farfesu ya fara isowa, cikin wani faffaɗan faranti mai ɗan rami a tsakiya. A cikin ramin nan romon yake. Kawu ya sa cokali sau uku ya ji ƙarfe ya daki tangaran. Ya waiga yana neman yaron ya kawo sauran.

Naman ne ya tayar da ƙura. Tun farko yaron ya tambaye ni yadda ake so a gasa shi, ni kuma don kada a ce ban waye ba na ce tsaka-tsaki. Aka kawo tsoka guda a kan katako, da ɗan dankali a gefe da wani ganye da aka ɗora don ado. Kawu ya dubi cokula masu yatsu da wuƙaƙen da aka jera masa, ya ture su gefe, ya nemi ruwan wanke hannu. Da ya ɓara naman sai ga ciki jawur, ruwa-ruwa yana gangarowa.

"Innalillahi! Ɗan nan, wannan ai ko wuta bai gaisa da ita ba. Wa ma ya yanka?"

Ya faɗi haka da muryar da yake kiran yara daga gona. Wasu mata biyu a teburin can suka juyo. Yaron ya yi ta ba da haƙuri, ya rantse naman halal ne daga abbatuwa, ya ɗauka ya koma. Da aka dawo da shi ya gasu sosai, amma ya tsuke ya koma rabi. Kawu ya juya shi, ya dube ni, ya yi ƙasa da murya ya ce, "An gutsura." Nawa kifin dai ba laifi, gaskiya ya yi daɗi, sai dai shinkafar da ƙaramin kofi aka kifa ta, loma biyar na ga ƙarshenta.

Aka kawo lissafi cikin wata 'yar jakar fata. Abinci da ruwa 44,000. Harajin VAT kashi 7.5 cikin ɗari, wanda aka ɗaga daga kashi 5 tun Fabrairun 2020, ya kama 3,300. Kuɗin hidima kashi 10, wato 4,400. Jimilla 51,700. Na yi saurin rufewa, amma idon Kawu sabo ne.

"Kuɗin tunkiya da ɗanta muka cinye, ga shi cikina ko labari bai ji ba. Hidimar me kuma? Ni na kai loma bakina." Ya yafuto yaron. "Samari, talatin. A sallama."

Na ce Kawu a nan ba a tayi. Na zaro kati da yatsu biyu na miƙa. Na'ura ta yi tunani, ta yi tunani, ta ƙi. Aka sake, ta ƙi. Aka kawo ta wani bankin, ita ko tunanin ma ba ta yi ba. Na buɗe manhaja zan tura, 'yar da'irar nan ta kama juyi ba ta tsaya ba. Cikin sanyin nan gumi ya jiƙa mini wuyan shadda. Tun shigowarmu Yallaɓai ake ce mini, da na'ura ta biyu ta ƙi na koma Oga, kafin manaja ya iso na zama Malam.

Kawu ya ce in kwantar da hankali. Ya ɗaga babbar riga, ya kwance lalita daga ƙugu, ya zaro ƙullin dubu-dubu da aka ɗaure da kyauro. Tsofaffi ne kaf. Manaja ya girgiza kai ya ce ba sa karɓa.

"Ni da kunnena na ji a rediyo, Ganduje ya ce duk wanda ya ƙi tsohon kuɗi a Kano za a rufe masa kasuwanci."

"Baba, haka ne, amma ba Gwamna ke kai mana kuɗi banki ba."

Na ce zan fita in nemo mai POS. Manaja ya ce in bar makullin mota. Na ce da me zan je? Ya ce to in bar waya. Na ce da me zan tura? Muna cikin wannan Kawu ya gyara zama ya ce, "Bar ni nan. Ai na fi ƙarfin dubu hamsin."

Haka na bar ƙanin mahaifiyata a jingina na fita. Na bi titin Ahmadu Bello, na gangara titin Haɗeja, duk rumfar da na tsaya ko a rufe ko mai ita ya ɗaga mini hannu tun daga nesa. Ɗaya da na samu da kuɗi ya ce dubu goma kawai zai iya ba ni, ladansa dubu biyu. A ƙarshe na faka gindin wata eriyar waya ina danna manhaja ina salati, har Allah ya sa kuɗin suka tafi. Sama da awa guda ke nan. Duk hanyar dawowa tunanin da nake yi shi ne yadda zan fuskanci mahaifiyata idan labari ya je mata cewa an tsare mata ɗan'uwa a kan nama.

Na tarar da shi a kan doguwar kujerar baƙi, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya miƙe ƙafa. Yaron nan mai Turanci ta hanci yana tsugune a gabansa yana zuba Hausa tsantsa, "Ƙwarai kuwa Baba, Allah ya ja kwana Baba." Ashe ɗan wajenmu ne. Kawu ya bi salsalarsa har ya gano kakansa, wanda ya taɓa sayar masa da san noma mai taurin kai. An kai shi ya yi sallar isha'i a inda ma'aikata ke yi, ya leƙa kicin ya yi wa mai gashi nasiha, ya dawo.

A gabansa kuma ga butar shayi, ga kofunan gilashi biyu da aka suɗe tas.

"Yaron kirki ne. Ya ce in saki jikina, in faɗi duk abin da nake so. Ɗan nan, ashe abin daɗin a ƙarshe suke ɓoye shi. Wani abu ne mai sanyi, da madara."

Sabuwar 'yar jakar fata ta iso. Shayi da askirim biyu 9,000, da haraji da hidima 10,575. Na miƙa kati ina fatan na'ura ta ƙi, ko na samu bakin magana. Nan take ta karɓa, har da fitar da rasit mai tsawo. Na koma Yallaɓai.

Da za mu fita Kawu ya laluba lalita ya ba yaron tsohuwar ɗari biyu, ya ce wannan dai Buhari da bakinsa ya ce tana ci har watan Afrilu. Ya kwashi tsinken sakace ya zuba a aljihu, ya yi wa manaja addu'ar Allah ya ƙara kasuwa ya kuma hore musu kuɗin ƙwan fitila. A hanya ya sa na tsaya wurin mai tsire, wanda ya karɓi tsohuwar dubu ba tare da ya ko ɗaga kai ba.

Washegari saƙon banki ya nuna mini na'urar farko da ta ce ta ƙi, ashe ta ci 51,700 ɗinta. Ana can ana zaɓen shugaban ƙasa ranar 25 ga wata, ni ina lissafin takardun ƙorafin da na cike a banki, sai cikin Maris suka dawo mini da su. A ranar ne kuma Kawu ya kira ni ta wayar maƙwabcinsa, ya ce likita ya ce ya koma bayan azumi, kuma zai taho da Liman da Mai Unguwa, don ya ba su labarin abin nan mai sanyi sun ce ƙarya yake yi.