Wai Kuna Jina Kuwa?

Don Allah wa ya ce taro ta bidiyo yana rage wahala? An sa ƙarfe 10, ba wanda ya ce goman wace ƙasa, ga Akara tana bayan Kano da awa ɗaya, Nairobi tana gabanmu da awa biyu, sai na Kenya ya shigo tun muna karin kumallo ya gaji ya fita, na Ghana kuma ya iso ana addu'ar tashi! Waɗanda suka samu shiga fa? Rabin lokacin ya tafi a "kuna jina?" da "ranka ya daɗe, buɗe makirufo", Alhaji yana ta zuba bayani, baki na motsi kamar kifi a ruwa, ba sauti. Wanda ya kamata ya rufe nasa kuwa shi ya bari a buɗe, muna jin zakara, muna jin janareta, muna jin uwargida tana cinikin tattasai har mun san nawa aka sallama. Wani silin kyamararsa ke nunawa, wani hancinsa kaɗai. 'Yan babban ofis sun kewaye kwamfuta ɗaya suna dariyar abin da mu na reshe ba mu ji ba, mu ba mutane ba ne? Ana zuwa maganar kuɗi, wadda dominta aka taru, sai a ɗauke wuta a Damagaram, hoton shugaba ya daskare baki buɗe, manhajar kyauta ta cika minti 40 ta watsar da kowa. Datata da ta ƙone a banza, wa zai biya ni?