Yara sun shiga cikin jijiyar jini sun fito, to me suka koyo?

Rannan wata malamar kimiyya da muka daɗe da sanin juna ta ce lallai in leƙo ajinta in ga abin mamaki, wai an ba su aron gilashin VR guda goma na sati biyu. Ga wanda bai taɓa gani ba, wani ƙaton tabarau ne da ake ɗaurawa a ka ya rufe ido ruf, kowane ido da hoton da ake nuna masa, in ka juya kai hoton ma ya juya, in ka ɗaga kai ka ga sama, shi ke nan sai ƙwaƙwalwa ta yarda cewa a cikin wurin kake ba kallonsa kake yi ba. Darasin ranar a kan jini ne. Yaran suka saka, aji ya yi tsit na ɗan lokaci, can sai ihu ya ɓarke, wannan na cewa wayyo zan faɗi, wancan ya miƙa hannu zai cafko abin da babu shi, wata yarinya kuwa durƙusawa ta yi wai kar ƙwayar jini ta buge ta a ka. Ni ma na karɓa na gwada kuma ba zan ɓoye muku ba abin ya tafi da ni, jajayen ƙwayoyin nan na shawagi ta gefen kunnena kamar tayoyin mota, sai da na dafa tebur.

Da aka cire sai malamar ta tambaye su mene ne aikin jar ƙwayar jini. Shiru. Can wani ya ce "Malama ai manya-manya ne." Wani ya ce gudu suke yi. Ita kuma wadda ta durƙusa ɗin ta ce kanta ke juyawa a bar ta ta zauna tukuna. Ba wanda ya ce iskar oksijin suke kwasowa daga huhu su rarraba wa jiki, alhali muryar da ke cikin gilashin ta faɗi haka, da kunnena na ji har sau biyu. Shi kuwa mai cewa manya ne ya ma fito da abin a baibai, don ƙwayar da ya gani kamar taya ido ba ya iya ganinta sai da madubin likita.

Ba laifin yaran ba ne fa, manya ma haka abin yake musu. A 2018 Jocelyn Parong da Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya a Santa Barbara sun raba ɗaliban jami'a gida biyu, wasu suka yi kusan irin wannan tafiya ta cikin jiki da gilashin VR, sauran aka ba su bayanin a PowerPoint kawai, hoto da rubutu ba wani armashi. Da aka yi musu jarrabawa 'yan PowerPoint ne suka fi ci, duk da cewa 'yan gilashin sun fi cewa sun ji daɗin darasin. A 2019 kuma Guido Makransky na Jami'ar Kopenhagen da abokan aikinsa suka fitar da nasu binciken kan ɗalibai 52 da suka yi aikin lab na kwaikwayo, wasu a kwamfutar tebur wasu da gilashi, har da na'urar auna aikin ƙwaƙwalwa aka manna musu a ka. Masu gilashin sun fi jin kamar da gaske a lab ɗin suke, amma sun koyi ƙasa da 'yan uwansu kuma ƙwaƙwalwarsu ta fi ɗaukar kaya. Dalilin ba wani boyayye ba ne, hankalin mutum yana da iyakar abin da zai riƙe a lokaci guda, in ka cika shi da kalle-kalle hagu da dama sama da ƙasa to ina zai sa bayanin da ake masa.

Masu tallar abin nan kullum maganarsu ɗaya ce, gani ya kori ji. Na yarda ya kore shi, ai ga shi nan a ajin malamar ya kore shi har waje, yaran sun gani amma ba su ji komai ba.

Kuma wannan waƙar tsohuwa ce. Tun 1913 Thomas Edison ya ce littattafai sun kusa zama tarihi a makarantu saboda majigi, wai cikin shekara goma komai zai canza. Aka yi wa rediyo irin wannan kirari, aka yi wa talabijin, aka zo kan kwamfuta. Peru ta sayi ƙananan laftof sama da 800,000 na shirin nan na kowane yaro da laftof ɗinsa da Nicholas Negroponte ya kawo a 2005, da bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka (IDB) ya bi sawu a 2012 sai ya tarar yaran sun iya kwamfuta kam amma makinsu na lissafi da na harshe yana nan inda yake. Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a harkar ilimi ma ya faɗa ƙarara cewa ƙwararan hujjoji kan amfanin waɗannan kayan a aji ba su da yawa, kuma da dama daga cikin hujjojin da ake yawo da su daga wurin masu sayar da kayan suka fito. Dokin mai baki dai ya fi gudu.

To kar a ce na zo ne in kashe wa mutane kasuwa, akwai inda abin nan yake aiki kuma aiki na gaske. Matuƙan jirgin sama sun fi kowa sani, tun 1929 Edwin Link ya ƙera akwatin koyon tuƙin jirgi a ƙasa, kuma a yaƙin duniya na biyu dubban ɗaruruwan matuƙa a cikinsa suka fara koyo, don gara mutum ya faɗo sau ɗari a cikin akwati da ya faɗo sau ɗaya daga sama. Jeremy Bailenson na Jami'ar Stanford, wanda ya shafe sama da shekara ashirin yana bincike a kan VR kuma ba maƙiyinsa ba ne ko kaɗan, shawararsa ita ce a ajiye shi don abin da in za a yi da gaske yana da haɗari, ko ba zai yiwu ba sam, ko zai jawo ɓarna, ko ya yi tsada da yawa. Wannan ma'aunin ya yi mini. Yaro ba zai taɓa tsayawa a bakin dutse mai aman wuta ba, ba zai je duniyar wata ba, ba za ka ba shi sinadarai masu fashewa ka ce ya gwada haɗawa ba. Sannan akwai abubuwan da allo ba ya iya nunawa da kyau saboda shimfiɗaɗɗe ne, kamar yadda zuciya take da ɗakuna huɗu wani a bayan wani, ko yadda duniya ke karkace tana zagaya rana har ake samun sauyin lokutan shekara, malami zai yi ta zane yana sharewa yana juya hannu a iska amma yaro ya leƙa sau ɗaya ya zagaya abin da kansa sai ka ji ya ce au, ashe haka ne. Jami'ar Case Western Reserve da ke Amurka ta koyar da ɗaliban likitanci sassan jikin mutum da HoloLens na Microsoft, shi wannan ba ya rufe ido, hoto yake ɗorawa a kan abin da kake gani don haka ɗalibai na ganin juna suna ganin malami, duk sun kewaye gangar jiki ɗaya da ke tsaye a iska. Wannan ya yi ma'ana. Amma a ɗauki gilashi a koyar da jadawalin sau ko ƙa'idar rubutu, haba, wannan neman suna ne kawai.

Sai dai ko a nan ɗin da sauran rina a kaba, don Microsoft ta daina ƙera HoloLens 2 a 2024. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya a duk harkar, makaranta tana tsara abu ne na shekara goma ko ashirin, kamfanin fasaha kuwa in abu bai kawo riba ba shekara uku ta yi yawa. Google ta fito da Cardboard a 2014, kwali ne kawai da gilasai biyu ka zura waya a ciki, a 2015 ta ɗora masa shirin Expeditions inda malami ke riƙe da tabilet yana jan yara yawon buɗe ido zuwa ƙarƙashin teku ko Babbar Ganuwar Sin, in ya taɓa wuri a tabilet ɗinsa kibiya ta nuna wa kowa inda zai duba. Shirin ya yi kyau wallahi, yara sama da miliyan suka yi amfani da shi, malamai suka zauna suka tsara darussa a kansa. A watan Yunin 2021 Google ta rufe shi. Facebook da ta sayi kamfanin ƙera gilashin VR na Oculus a 2014 kan kusan dala biliyan 2 ita ma ta fitar da Oculus Go a 2018 ta daina sayar da shi a 2020. Littafin kimiyya in an saya yau ƙanin ƙanin mai shi ma zai karanta, gilashi kuwa ranar da aka daina masa afdet ya zama kayan ajiya a kabad.

Ga kuma ɗawainiyar da ba a nunawa a bidiyon talla. Batirin irin waɗannan bai fi awa biyu zuwa uku ba, to wa zai yi cajin guda talatin kullum, wa zai goge soson da ke manne da fuska tsakanin yaro da yaro ga zufa ga ciwon ido da ke yawo a aji, wa zai tuna fasuwad. Malamar nan a gabana ta ci kusan kwata na lokacin darasi tana ɗaure wa wannan madauri tana kunna wa wancan, ɗaya kuma ya ƙi hawa intanet sam. Mai tabarau na likita shi ma da tasa matsalar. Kuma da zarar sun saka ta rasa babban makaminta, idon yara. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji ya san a ido ake gane wanda ya fahimta da wanda ya ɓace, yanzu ga ta tsaye gaban kawuna goma kowa ya fuskanci wata alƙibla daban baki buɗe.

Jirin da yarinyar nan ta ji ma ba shagwaɓa ba ce. Ido na gaya wa ƙwaƙwalwa ana tafiya, cikin kunne inda ma'aunin daidaiton jiki yake yana cewa a tsaye muke, saɓanin nan shi ke kawo jiri da tashin zuciya. Sannan an ƙera yawancin gilasan ne da kan manya, gilashin Quest 2 na kamfanin Meta (wato Facebook a da) misali tazarar idonsa mafi ƙanƙanta milimita 58 ce, ƙananan yara da yawa tasu ba ta kai haka ba don haka hoton ba ya zama musu daidai. Sony ta ce nata ba na 'yan ƙasa da shekara 12 ba ne, Meta ta daɗe a kan 13 kafin ta sauko zuwa 10 a 2023 da sharaɗin iyaye ne ke riƙe da akawun ɗin. Akwai wani bincike na 2009 daga ɗakin binciken Bailenson ɗin nan da har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi, an nuna wa 'yan firamare kansu a VR suna iyo da manyan kifayen teku, daga baya da aka tambaye su wasunsu suka ba da labari kamar da gaske sun taɓa yi. In haka abin yake shiga kan yaro to wanda ya tsara darasin tarihi a cikinsa ba ƙaramin iko aka damƙa masa ba. Kar kuma a manta na'urar tana naɗar duk motsin kai da na hannu, shi Bailenson ya rubuta a 2018 cewa minti ashirin a ciki na barin bayanan motsin jiki kusan miliyan biyu, na yaro ɗan shekara goma fa, kuma a kwamfutocin wani kamfani za su kwana.

Abin da ya sa ban yanke ƙauna ba shi ne kashi na biyu na binciken Parong da Mayer, wanda masu suka ba su cika ambata ba. Da suka yayyanka darasin gunduwa-gunduwa, ɗalibi ya kalli kaɗan ya cire gilashin ya rubuta abin da ya gane sannan ya mayar, sai makin ya tashi kuma jin daɗin bai ragu ba. Malamar nan ba ta taɓa jin sunansu ba amma a sati na biyu kusan abin da ta yi ke nan da basirarta. Ta fara da allo, ta zana huhu da zuciya ta ba su tambaya ɗaya tak su shiga da ita, ta kashe muryar cikin gilashin gaba ɗaya, minti huɗu ta ce kowa ya cire ya zana abin da ya gani ya bayyana wa na kusa da shi wanda bai saka ba. Mai cewa manya ne ta sa shi ya leƙa ɗigon jini a madubin lab, ya daɗe bai ɗago ba.

Don haka in makaranta na da malamin kimiyya da ya san aikinsa, tana da lab mai kaya, tana da littattafai, kuma kuɗi ya yi saura, to ta sayi biyar ko shida a riƙa karɓa-karɓa, ba sai kowane yaro da nasa ba. In kuwa ɗaya daga cikin ukun can babu, kuɗin can ya kamata ya tafi. Kuma ranar da mai talla ya zo da jakarsa zai saka wa shugaban makaranta gilashi ya kai shi duniyar wata, a bar shi ya gama, sannan a tambaye shi shekara nawa kamfanin ya yi alkawari a rubuce zai ci gaba da kula da manhajar, ina bayanan yaran ke zuwa, kuma wane ne ya auna abin da yara suka koya ban da su masu sayarwa. In ya ce sai ya tuntuɓi ofishinsu, a ce masa ya je ya tuntuɓo, da jakar tasa.