Dokar 1994 da cunkoson gidajen yari a Amurka

Tun da Joe Biden ya tsaya takarar shugabancin Amurka a 2020 ake maimaita wata magana a majalisun hira na Kaduna, cewa dokar yaƙi da laifuka ta 1994, wadda ya jagoranta yana sanata, ita ce ta cika gidajen yari da baƙaƙen fata. Masu wannan ra'ayi suna da madogara, domin dokar ta ba jihohi kuɗin gina kurkuku, ta kuma tsananta hukunci.

Sai dai yawan fursunoni ya fara hauhawa tun shekarun 1970, kuma akasarinsu dokokin jihohi ne suka ɗaure su. Har ila yau, mafi yawan 'yan majalisa baƙaƙen fata sun goyi bayan dokar.

Abin da ke damuna shi ne wannan kuskure yana rufe sukar da ta fi nauyi, wato dokar ƙwayoyi ta 1986 da Biden ya mara wa baya. A ƙarƙashinta, mai safarar giram 5 na hodar ibilis nau'in kirak (wato dunƙulalliyarta), wadda aka fi kama baƙaƙen fata da ita, yana shan ɗaurin shekara biyar daidai da mai safarar giram 500 na garinta, kuma sai a 2010 aka rage wannan bambanci.