Sun zana sa har da ƙudajensa, mu muna ta zana gwamna

Shekarata shida ke nan a birnin Heg na ƙasar Holan, amma sai bara na taɓa taka ƙafata cikin Mauritshuis, gidan ajiye zane-zanen da nake wucewa ta kusa da shi a keke kusan kullum. Ruwan sama ne ma ya kora ni ciki, ba sha'awa ba. Jama'a duk sun yi cincirindo a gaban hoton wata yarinya mai ɗan kunne, kowa ya ɗaga waya sama. Da na ga ba wurin tsayawa sai na kutsa wani ɗakin, ban yi aune ba na yi kiciɓis da sa.

Sa dai da kuka sani. Ja ne mai ɗan fari a fuska, yana tsaye a gindin bishiya, ga saniya kwance, ga rago da tunkiya da ɗanta, ga wani dattijo ya jingina ta bayan bishiyar. Faɗin zanen ya haura mita uku, tsayinsa ya haura mita biyu, wato dabbar ta kusa kai girmanta na zahiri. Wani saurayi mai suna Paulus Potter ya zana shi da fentin mai a 1647, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, kuma bai yi tsawon rai ba, ya mutu a 1654. Da na matsa kusa sai na ga ƙudaje suna shawagi a kan san. Na duba ƙasa, ga kashin shanu shimfiɗe a gaba-gaba, inda ido ba zai kauce masa ba, ga kuma kwaɗo a tsugune cikin ciyawa.

Abin da ya fara faɗo mini a rai, wallahi, raini ne. Wannan ɗan san, ba tozo, ba ƙahon kirki, in aka shiga da shi karar Wudil ranar Juma'a dillalai ko tashi tsaye ba za su yi ba. Ina shi ina farin Bunaji, ina shi ina jan Rahaji mai ƙaho kamar an buɗe hannuwa ana addu'a? To amma wannan san da na raina, da sojojin Faransa suka mamaye ƙasar a 1795 sai da suka naɗe shi suka kai Faris a matsayin ganima, bai dawo gida ba sai 1815 bayan faɗuwar Nafoliyon. Ƙasashe biyu suka yi ja-in-ja a kan hoton sa da kashinsa. Shanun huɗar Babanmu kuwa, su biyu, waɗanda suka ci da mu shekara da shekaru, kuɗin sayar da ɗayansu ma shi ya biya mini rajistar jami'a, ko a bayan kwalin ashana ba wanda ya taɓa zana su.

Maganata ke nan. Ba masu hannu muka rasa ba. Abin da muka rasa shi ne yarda cewa rayuwarmu ta yau da gobe ta isa a ɓata mata fenti.

Ku je shagon duk wani mai zane a Kano ko Kaduna ku duba abin da ke jingine a bango. Gwamna ne da babbar riga, sarki ne da amawali, sai ango da amarya da aka kwafo daga hoton waya aka ƙara musu haske. In kuma na sayar wa baƙi ne a otal ko filin jirgi, to abu uku ne ba sa wuce su: dawakin hawan daba, ƙofar gari, da Bafulatana ɗauke da ƙwaryar nono. Ita wannan Bafulatanar ta fi ba ni haushi. Fuska ɗaya ce ake ta maimaitawa, siririya, dogon wuya, tana murmushin da ba dalili. Ba ta taɓa gajiya, ƙafarta ba faso, faifan ƙwaryarta bai taɓa tsufa ba. Duk wanda ya taɓa sayen fura a bakin tasha ya san ba wannan ba ce ta dama masa.

Su ma a nan suna da tasu mai nonon, tana gidan ajiye zane-zane na Rijksmuseum a Amstadam. Wani mai zane Vermeer ya zana ta wajen 1658, ɗan ƙaramin zane ne, tsayinsa bai kai rabin mita ba. 'Yar aiki ce kakkaura, ta naɗe hannun riga, damtsenta fari, hannayenta sun yi ja don wanke-wanke, tana tsiyaya madara a kasko, idonta a kan aikinta, ba ruwanta da mai kallo. A bangon bayanta akwai ƙusa, akwai ramukan da aka cire wasu ƙusoshin. Gilashin taga ɗaya ya ɗan fashe. Shuɗin zanen da ta ɗaura kuwa da garin wani dutse mai daraja aka yi shi, wanda ake haƙowa a duwatsun Afganistan, launin da ya fi kowane tsada a zamanin. Shi mutumin nan ya kashe wa 'yar aiki a madafi. Bambancin tamu da tasu ba na iya zane ba ne. Shi ya zauna ya kalli mace guda ɗaya tana aikinta, namu kuwa suna zana abin da suke zaton mai saye yana son gani.

Na san abin da za a ce, domin ni ma da shi na tashi: zanen mai rai haramun ne. Ba zan yi wasa da wannan ba, hadisan da suka yi gargaɗi ga masu suranta abu mai rai ingantattu ne. Amma mu riƙa kawo maganar gaba ɗayanta. A Bukhari da Muslim akwai labarin mutumin da ya zo wa Ibnu Abbas ya ce da zane yake ci, bayan ya tsoratar da shi sai ya ce masa in dai ba makawa, to ya zana bishiya da abin da ba shi da rai. Malaman Malikiyya kuma, waɗanda littattafansu muka karanta a zaure, sun bambanta siffa mai jiki da inuwa irin gunki da zanen da aka shimfiɗa a kan takarda ko ƙyalle, haramcin da suka yanke a kan ta farkon ne. Wanda ya zaɓi ya kauce wa mai rai baki ɗaya, ina girmama shi. To amma ina zanen kukar? Ina na rimi, ina na fadamar Haɗeja da damina, ina Dutsen Dala da hantsi, ina rumbu da zangarniyar gero? Waɗannan ba malamin da ya hana, kuma su ma ba ma zana su. Shi kuma gwamnan da ke rataye a kowane ofis, ai da ransa.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na bi tarihin mutanen Holan shi ne, su ma rigimar addini a kan hotuna ce ta tura su ga shanu da madafi. A 1566 masu bin sabuwar ɗariƙar Kirista ta Furotesta suka bi coci-coci suna farfasa gumaka da hotunan waliyyai, suna cewa bautar gumaka ce. Da ƙasar ta koma hannunsu, coci ya daina ba masu zane aiki, ga shi ba wata babbar fada da za ta ɗauke su. Sai suka juya ga wanda ya rage da kuɗi a hannu, wato ɗan kasuwa, mai gidan burodi, manomi mai hali. Shi kuwa irin wannan mutumin abin da yake so a bangonsa shi ne kogin garinsu, jirgin ruwansa, saniyarsa, matarsa tana feraye tuffa. An toshe musu ƙofa ɗaya, suka leƙa tsakar gida.

Kuma kada wani ya ce abin baƙo ne a ƙasarmu. A duwatsun Birnin Kudu da ke Jigawa akwai zanen shanu da mutanen zamanin da suka yi a jikin dutse, shanu masu dogon ƙaho marasa tozo, irin da yanzu ba ka ganinsu a yankin. Ba don wani ya zauna ya zana su ba, da wa zai gaya mana an taɓa kiwon irinsu a wurin? A Dabus, can ƙasar Azbin a Nijar, akwai raƙumin dawa sassaƙe a dutse, tsayinsa ya haura mita biyar. Ku dawo kusa: bayan motocin katako masu ɗaukar kaya, inda ake zana zaki ya danne barewa, mikiya, dawisu, da allon mai aski mai kawuna shida kowanne da irin askinsa. Masu wannan aikin da fentin mota suke yi, a tsaye, a cikin rana, ba makarantar da suka je, kuma wani zakin nasu ya fi na masu digiri rai. A Zariya kuma tun 1958 ɗaliban sashen zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiyarsu, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suna cewa a haɗa dabarar Turawa da abin gida. A ƙofar gidanmu aka yi wannan, amma akasarinsu 'yan Kudu ne, can suka koma da abin.

Haushin nan ne ya sa na yi rajista a wani ajin koyon zane na unguwa, daren Talata. Mu goma sha ɗaya, ni kaɗai ne baƙar fata, ni kaɗai ne kuma ban kai shekarun fansho ba. Wata tsohuwa kyanwarta take zanawa tun da na zo, wani kuma gadar da ke bayan gidansa. Ba mai tunanin sayarwa. Malamar ta fara mu da akirilik, fentin da ake sirkawa da ruwa, ya bushe cikin 'yan mintoci, in ka yi kuskure ka jira kaɗan ka shafe da wani a kai. Bai daɗe a duniya ba, bayan 1950 ya shiga kasuwa. Fentin mai shi ne tsohon hannu, garin launi ne ake kwaɓawa da man 'ya'yan wani tsiro da ake kira linsid, ba ya bushewa sai ya sha iska kwanaki, wani lokaci makonni, shi ya sa kake iya dawowa gobe ka murza wannan launi cikin wancan har fatar dabba ta fito da sheƙi. Ina yi ina lissafin gida: da hunturu a Kano akirilik a bakin burushi zai ƙafe kafin ka kai shi jikin ƙyalle, fentin mai kuma kafin ya bushe ƙura ta yi masa bargo. Dole mai yi a can ya nemi ɗaki mai rufi da ɗan abin fesa ruwa. Ba abin da ya gagara ba ne.

Na ce shanun Baba zan zana. Na ɗauka na san su kamar yunwar cikina, ni nake ba su harawa da dusa, ni nake jan akalarsu Baba yana riƙe da garma. Da na ɗauki burushi sai na tarar ban san komai ba. Kunnen a gaban ƙaho yake ko a ƙasansa? Tozon a kan kafaɗa yake zaune ko ya ɗan zamo baya? Farin sa kuma ashe ba fari ba ne. Na matso farin fenti na shafa, ya fito kamar an yanko takarda an manna. Sai da malamar ta sa na zuba ɗan shuɗi da ruwan ƙasa a ƙarƙashin ciki, da ɗan rawaya a gadon baya inda rana ke bugawa, sannan ya fara kama da abin da ke numfashi. Mai kyanwar nan ta leƙo ta kafaɗata, ta gyara tabarau, ta tambaye ni cikin ladabi ko raƙumi ne. Ban ga laifinta ba, ba ta taɓa ganin sa mai tozo ba, ni kuma na yi masa tozo kamar tulu.

A nan na gane amsar masu cewa ai yanzu kowa da waya a aljihu, me za a yi da zane. Waya tana ɗauka ne ba tare da ka duba ba. Na ɗauki hotuna sun fi dubu a zuwana gida na ƙarshe, rabinsu sun tafi da wayar da ta faɗa ruwa, sauran ban sake buɗe su ba. Amma makonni shida da na yi ina fama da sa ɗaya sun dawo mini da abubuwan da na manta na sani: baƙin da ke zagaye da idonsa kamar kwalli, tabon karkiya a wuyansa inda gashi ya ƙi fitowa, yadda yake karkatar da kai in ya ji ƙarar bokitin kanwa. Maganar tsada kuma gaskiya ce, kayan zane daga waje suke zuwa, mai neman na tuwo ba zai sayi burushi ba. Sai dai Alhajin da ya biya a zana shi da hula zanna, da kuɗin nan zai iya cewa a zana masa tsakar gidan da aka haife shi, da turmi da murhu da akuyar da ke ɗaure a turke, kafin magada su rushe su zuba shaguna.

Da na gama na ɗauki hoton zanen na tura wa ƙanena ya nuna wa Baba. Ina zullumi, don Baba ba ya son hotuna, ko na fasfo sai da aka yi da gaske. Da daddare ƙanen nawa ya kira ya miƙa masa wayar. Bayan gaisuwa na ce, “Baba, an nuna muku?” Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can ya ce, “Wannan ai Gwarzo ne, wanda muka sayar shekarar da za ka tafi makaranta.” Na ce shi ne, Baba. Ya ce, “To ƙahonsa na hagu ya fi haka sunkuyawa, tun yana maraƙi ya buga shi a bakin rijiya. Ka gyara. In za ka zo ka taho da shi.”