Mena na buƙatar abokan karawa, sansanin horo kaɗai ba zai ishe ta ba

Salamu alaikum 'yan'uwa masoya ƙwallo na Damagaram da kewaye.

Akwai maganar da ke yawo tsakanin masu bin ƙwallo, har ta iso fadojinmu: wai ƙungiyoyin ƙasa su daina buga wasannin sada zumunta, a maimakon haka a riƙa tara 'yan wasa a sansanin horo har lokacin hutun ya ƙare. Ni dai ban goyi bayan wannan ba, musamman idan Mena, ƙungiyar ƙasarmu Nijar, ake nufi.

Masu wannan ra'ayi suna da hujja, ba zan danne musu ita ba. Hutun da FIFA ke ba ƙungiyoyin ƙasa yawanci kwana 9 ne, wasa biyu. Ɗan wasa ya buga wa kulob ɗinsa ranar Lahadi, Litinin ya wuni a jirgi, Talata ya ɗan motsa jini da gajiya a ƙafa, kafin mai horarwa ya koya musu wani abu ranar wasa ta zo. A wasan kuma ana dawowa daga hutun rabin lokaci sai a canja kusan rabin ƙungiya, wasa ya watse. Ga fargabar rauni. Duk gaskiya ne.

Amma wannan kukan na Turai ne. 'Yan wasansu manya suna buga wasa 50 ko fiye a kaka guda, wasa ya yi musu yawa. Su ɗin ma da suka gaji da wasannin sada zumunta ba sansani suka koma ba. A 2018 suka kafa gasar Nations League, suka mayar da waɗancan ranakun wasanni masu maki. Mu kuwa ciwonmu daban ne: 'yan wasanmu ba sa samun isasshiyar karawa da manya.

Ku tuna Katar a 2022. Ta janye 'yan wasanta daga kulob-kulob, suka shafe watanni a sansani a Sifaniya da Ostiriya, ga kuɗi, ga kayan aiki. Da gasar cin kofin duniya ta zo a gidansu, Ekwado ta ci su 2-0, Senegal 3-1, Holan 2-0. Su ne masu masauki na farko da suka sha kashi a dukkan wasanninsu uku. Masu son sansani sukan kawo misalin Koriya ta Kudu a gasar cin kofin duniya ta 2002, lokacin mai horarwa Guus Hiddink. Haka ne, ya tara 'yan wasansa na tsawon lokaci. Sai dai da gangan ya riƙa neman manya: a 2001 Faransa ta zuba musu 5-0, Jamhuriyar Cek ma ta zuba musu 5-0. Dab da gasar suka yi 1-1 da Ingila, Faransa ta ci su 3-2 da kyar. Da wannan gogewar suka kai wasan kusa da na ƙarshe.

A atisaye abokinka ba zai shigo maka da ƙarfinsa duka ba, don ya san gobe tare za ku fita fili. Babu alƙalin da zai busa abin da bai yi maka daɗi ba, babu 'yan kallo da ke maka ihu. Dubi bugun kusurwa a minti na 90: gola ya yi kira "tawa ce", mai tsaron baya bai ji ba saboda hayaniya, dukansu suka yi tsalle, suka yi karo, ƙwallo ta faɗo gaban ɗan gaban abokan hamayya. Irin wannan kuskuren sai a wasa na gaske yake fitowa, kuma gara ya fito a na sada zumunta da ya fito ranar da ake neman maki. Wanda ya kalli wasanmu da Maroko a watan Maris 2025 ya san zafin abin: mu muka fara ci, aka rama, aka ƙara mana a mintocin ƙarshe, 2-1. Wasan gida ne a takarda, amma a Ujda aka buga shi, cikin Maroko.

Akwai kuma batun jadawalin FIFA da ke jera ƙasashe bisa makinsu, wanda mutane ke rainawa. A tsarin da aka soma a 2018, wasan sada zumunta a cikin hutun FIFA nauyinsa 10 ne, na neman gurbi 25. Kaɗan ne, amma sansani ko maki ɗaya ba ya bayarwa. Da wannan jadawalin ake raba ƙasashe tukwane-tukwane bisa ƙarfinsu ranar ƙuri'ar fitar da rukunoni. A neman gurbin kofin Afirka na 2025 mun ci Sudan 4-0 a Lome, muka je Akra muka doke Gana 2-1, amma maki ɗaya ya raba mu da Sudan, ta wuce muka tsaya. Ƙungiyar da sai a wasanni biyun ƙarshe ta gane kanta, ai ƙarin wasa take bukata tun kafin a fara.

To ina sansani yake da amfani? Ga 'yan wasan gida. Su suna nan, ba sai an jira izinin wani kulob na Turai ba. Mun gani a gasar CHAN, wato kofin Afirka na 'yan wasan da ke buga ƙwallo a gida, da aka yi a Aljeriya a farkon 2023, ƙarƙashin mai horarwa Harouna Doula: aka ci Kamaru 1-0, aka fitar da Gana 2-0, muka ƙare a matsayi na huɗu. Yaran da suka daɗe tare ne, kowa ya san gudun ɗan'uwansa. Amma a wasan kusa da na ƙarshe Aljeriya ta ci mu 5-0, kuma a nan ne rashin sabo da manyan wasanni ya bayyana. Ko 'yan kokowarmu ana kai su sansani kafin gasar takobi, amma babu wanda ake ɗauka sai wanda ya riga ya sha kaye ya kuma kayar a filayen jiharsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne nisan da ke tsakanin Mena da mu mutanen gabas. Daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Ka zauna a fada a Birni ko Zango ko Garin Malam da dare, shayi na kan wuta, matasa sun kewaye tele: za su jero maka 'yan wasan Real Madrid goma sha ɗaya ba gargada, amma ka tambayi sunan golan Mena, da yawansu sai shiru. Ba laifinsu ba ne, ba su taɓa ganinsa da idonsu ba. Idan aka soke wasan sada zumunta aka rufe 'yan wasa a wani otal na ƙasar waje, nisan nan ƙaruwa zai yi.

Don haka kirana ga FENIFOOT, hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijar: a riƙa kawo sansanin 'yan wasan gida Damagaram da Maraɗi da Tawa bi da bi, a buɗe ƙofa yara su kalli atisaye, a rufe shi da wasa da zaɓaɓɓun jiha. A nemi maƙwabta, Burkina Faso da Mali da Cadi da Najeriya, don tafiyar ba ta da tsada kuma irin ƙwallon da za mu tarar a neman gurbi ke nan. Daga 2026 FIFA ta haɗe hutun Satumba da na Oktoba ya zama kwana 16, ana iya buga har wasa huɗu. Duk shekarar da babu wasan neman gurbi da ya cika shi, a ba mai horarwa makon farko cur ya yi aikinsa, a mako na biyu a samo masa ƙasashe biyu da suka fi mu ƙarfi.